Kan Sarki da Hanyar da Wasiƙa Ta Biyo Zuwa Ƙanƙara

A cikin sha'awoyin da suka shigo ƙasar nan tare da Turawa, waɗanda wasunsu suka karɓu, wasu kuwa suka shuɗe tare da masu su, babu wadda mutanenmu suka fi ɗauka wasan yara kamar tara kan sarki, domin duk wanda ya ga magidanci mai iyali ya duƙufa a kan 'yar takardar da faɗinta bai wuce babban yatsa ba, yana juya ta da matsefata, yana duba ko haƙoran gefenta sun cika, abin da zai fara zo masa a rai shi ne bawan Allah nan ya rasa abin yi. Ni ina cikin masu wannan sha'awa tun ina ɗan makaranta a Ƙanƙara, da shekaru suka tura kuwa sai na taƙaita ta ga fanni guda, watau kan sarkin da aka zana tarihin kai wasiƙa a jikinsa, ko raƙumi ne, ko jirgin ƙasa, ko na ruwa, ko na sama. Kuma abin da na fahimta daga tsawon zama da waɗannan 'yan takardu shi ne, suna ba da labarin tafiyar wasiƙa da gaskiya har zuwa bakin tashar jirgi, daga nan sai su yi shiru, alhali mu mutanen Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa daga nan ne labarinmu yake farawa.

Wasiƙa dai ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa, ba kuma Nasara ne suka koya mana ita ba. Duk almajirin da ya karanta sira ya san Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya aika da wasiƙu ga Hiraƙla da Kisra da Muƙauƙisu da Najjashi, har aka ƙera masa zoben azurfa don ya zama hatimi, saboda sarakunan wancan zamani ba sa karɓar takardar da ba hatimi a jikinta. Daga baya daulolin Musulunci suka kafa diwanin baridi, aka jera zangon dawaki da alfadarai a kan manyan hanyoyi, har ta kai a zamanin Sarki Baibaras na Misra saƙo yakan tashi daga Alƙahira ya isa Dimashƙa cikin kwana huɗu. Mu ma nan Katsina muna da namu rabo, domin a ƙarshen ƙarni na 15 Imam Jalaluddini Suyuɗi ya rubuto wasiƙar nasiha daga Misra zuwa ga Sarkin Katsina Ibrahim da Sarkin Agadas, takarda ta ratso Sahara cikin kayan ayari ta iso inda aka nufe ta. Daular Sakkwato kuwa da wasiƙa aka riƙe ta: muhawarar da Muhammadu Bello ya yi da Shehu Laminu na Barno a kan halaccin jihadi a rubuce aka yi ta, gidan Waziri shi ne mahaɗar takardun sarakunan gabas, a 1824 Sarkin Musulmi Bello ya ba wani Bature mai suna Kilafatan wasiƙa ya kai wa Sarkin Ingila, kuma sa'ad da Turawa suka shiga Sakkwato a 1903 sun tarar da tarin wasiƙu a gidan Waziri Buhari, waɗanda aka fassara aka buga a 1927.

Amma fa waɗannan duka wasiƙun sarakuna ne da malamai, masu dawaki da manzanni da 'yan rakiya. Talaka saƙon baki ke gare shi. In ɗansa ya bi fatake zuwa Gwanja, sai ya jira wani falke da ya nufi can ya ba shi sallahu, saƙo ya tafi da rani amsa ta dawo wata bazara, in ma mai ɗauke da ita bai mantu ba, ko ajali bai cim masa a hanya ba.

To, a nan ne kan sarki ya zo da abin da ba a saba ba, kuma wajibi ne a faɗi gaskiya ko da a kan wanda ya mallake mu da ƙarfi ne. A 1840, bisa shawarar wani malamin makaranta mai suna Rowland Hill, Ingila ta fitar da kan sarki na farko a duniya, baƙi, na kwabo ɗaya, mai hoton Sarauniya Biktoriya, aka kuma mai da biyan kuɗi a kan mai aikawa, kuɗin kuwa ɗaya ne ko kusa ko nesa a cikin ƙasar. A 1874 ƙasashe suka taru a birnin Bern na Suwizalan suka ƙulla yarjejeniyar da ta haifi Ƙungiyar Gidajen Waya ta Duniya, wadda ma'anarta ita ce kowace ƙasa ta ɗauki wasiƙar 'yar'uwarta ta isar kamar tata. A wannan shekara ce kuma Ikko ta sami kan sarkinta, bayan an buɗe gidan waya a can tun 1852. Arewa ta sami nata a 1900, aka ci gaba da shi har aka haɗe Kudu da Arewa a 1914. In aka auna al'amarin da ma'aunin fiƙihu, wannan 'yar takarda shaidar ijara ce da amana a haɗe: ka biya ujira, hukuma ta ɗauki alkawari za ta kai, ba za ta buɗe ba, ba za ta tambayi asalinka ko na wanda ka rubuta wa ba. Wasiƙar Razdan da ta mai tallan goro cikin buhu ɗaya suke kwana, kuma a ganina wannan daidaito, wanda bai zo da ganga ko shela ba, yana cikin manyan canje-canjen da suka sami talakan ƙasar nan a ƙarnin da ya wuce.

Mafi soyuwa gare ni a cikin kundina shi ne na Sudan, mai hoton ɗan saƙo a kan raƙumi. An fara fitar da shi a 1898, wani hafsan soja mai suna Stanton ne ya zana shi bisa umarnin shugabansa Kicina, aka kuma daɗe ana maimaita zanen shekaru da yawa ba a gaji da shi ba. In ka sa shi ƙarƙashin madubin ƙara girma za ka ga raƙumin ya miƙa wuya yana sassarfa, mahayin ya zauna daram da rawaninsa, buhunan wasiƙu na rataye a gefen sirdi, an rubuta musu Hartum da Barbar da haruffa ƙanana ƙwarai, alhali a lokacin da aka yi zanen Hartum ɗin ba ta ma faɗa hannun Turawa ba tukuna. Nawa na same shi a jikin wata ambulan da ta fito daga adakar wani dattijo na unguwarmu bayan rasuwarsa, Allah ya jiƙansa, wasiƙar kuwa ta ƙanensa ce wanda ya tafi Hajji a ƙasa, guzuri ya ƙare masa a Sudan, ya tsaya noman auduga yana tara na gaba, kamar yadda dubban mutanenmu suka yi tun bayan yaƙin Burmi, har suka kafa garuruwa irin su Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu. An rubuta ta da ajami, da tawadar gida wadda ta koɗe ta koma ruwan ƙasa, adireshin kaɗai aka nemi wani ya rubuta da boko. Rabinta gaisuwa ce, suna bayan suna, har da na jariran da aka haifa bayan tafiyarsa waɗanda labarinsu kawai ya ji, sai can ƙasa ya roƙi a yafe masa bashin damin dawa biyu in Allah bai ƙaddara saduwa ba. Bai dawo ba.

Na ƙasarmu kuwa, jerin da ya fi dacewa da wannan fanni shi ne wanda aka fitar a 1961, sa'ad da Nijeriya ta shiga Ƙungiyar Gidajen Waya ta Duniya da sunan kanta bayan samun mulki. Guda huɗu ne: na kwabo da jirgin ƙasa, na taro da motar wasiƙu, na sule da taro da jirgin sama, na sule biyu da sisi da jirgin ruwa, kowanne da hoton duniya a gefe. Kowane ɗaya a cikinsu babi ne na tarihi. Jirgin ruwan yana tuna mana da jiragen kamfanin Elder Dempster da ke ɗauko buhunan wasiƙu daga Libaful su sauke a Ikko bayan kamar mako biyu. Jirgin ƙasan shi ne dogon da ya iso Kano a 1911, wanda reshensa ya tashi daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau ya tsaya Ƙauran Namoda a 1929. Jirgin saman kuwa Kano ce ƙofarsa, domin a can jiragen farko suka sauka a Nuwamban 1925, kuma a 1936 aka fara kawo wasiƙu ta sama daga Hartum, a bi ta Fallomi da Maiduguri a sauke a Kano, tafiyar da ke cin makonni ta koma ta kwanaki.

Sai dai wanda yake son ya gane dalilin da ya sa aka shimfiɗa dogon nan, ya koma ga jerin 1936 da na 1953, inda aka zana ma'ajiyar dukiyar ƙasa ba ɓoye-ɓoye: injin gurzar auduga, da shanun Fulani, da haƙar kuza, da fatu da ƙiraga, da dalar gyaɗa a kan na ahu, har da wata hasumiya ta zamanin Haɓe a kan na sisi wadda duk Bakatsinen da ya gan ta zai ce Gobarau ce. Ba don wasiƙarmu aka kawo jirgi Funtuwa ba, don audugarmu aka kawo shi, wasiƙa ta sami wuri ne a tarago ta raɓa. Wannan ba ya rage mata daraja, amma yana bayyana abin da ya sa hidimar gidan waya ta yi ƙarfi a inda akwai sikeli da kanti, ta yi rauni a inda babu.

Daga tashar Funtuwa zuwa zauren da za a karanta wasiƙa a Ƙanƙara, ko a wani ƙauye na ƙasar Faskari, ko can Sabuwa kan iyakar Birnin Gwari, akwai sauran tafiya mai tsawo, kuma a cikin kundina duka babu kan sarki ɗaya da ya zana ta. Babu hoton masu gudun wasiƙa na farkon zamanin Turawa, waɗanda ke ɗaukar buhu a ka su ratsa daji da ƙafa daga zango zuwa zango tun hedkwata tana Zungeru. Babu direban motar auduga da ake cusa wa takarda a aljihu, babu masinjan Sarkin Pauwa a kan kekensa, babu hedimastan da ake rubuta sunan makarantarsa a bayan ambulan domin shi kaɗai ne ke da adireshi a yankin, ranar Juma'a ya aiki yara gida-gida su rarraba. Amurkawa sun yi wata hidimar kai wasiƙa da dawaki tsakanin Misuri da Kalifoniya wadda ba ta wuce wata 18 ba, daga 1860 zuwa 1861, amma sun yi mata kan sarki a 1940, suka sake yi a 1960, har yau yaransu sun san labarinta. Namu mutanen sun yi shekaru aru-aru suna wannan aiki cikin rana da ruwa, a lokacin da rafi ɗaya in ya kawo yakan tsare mota kwana biyu, kuma abin yana yi mini ciwo cewa ko sunayensu ba mu adana ba.

Akwai kuma mutum na ƙarshe a cikin silsilar, wanda ba shi da albashi, watau mai karantawa. Ni na yi wannan aiki ina yaro, kamar yadda kusan duk ɗan makarantar lokacin ya yi. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu, wadda ɗanta ke cirani a Sabon Ibadan, takan kira ni bayan La'asar ta ce, "Zo nan ɗan boko, zo ka jiyar da ni muryar yayanka." Sai ta kwance bakin zane ta fito da ambulan, ta sa ni in wanke hannu, ta kori jikoki, in karanta tana tsayar da ni a kowace gaɓa tana cewa, "Maimaita nan wurin." In na gama ta ce, "To, Allah ya yi maka albarka, abin da ka ji a ɗakin nan ya tsaya a ɗakin nan," ni kuma in ce, "In Allah ya yarda, Iya." Bayan kwana uku sai ta sake kira na in karanta mata ita dai wannan wasiƙar, ko da yake ta riga ta haddace ta. A nan na fara sanin cewa ilmi amana ne kafin ya zama hanyar abinci, kuma ita ce ta fara ba ni kan sarki, bisa sharaɗin kada in taɓa rubutun.

Zamanin da wasiƙa ta yi tashe a ƙasarmu ya faro ne daga wajen 1939, shekarar da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, Malam Abubakar Imam yana edita, jama'a suka gane ashe talaka na iya rubuta kukansa a buga kowa ya gani. Yaƙin Duniya na Biyu ya kai samarinmu Bama, wasiƙunsu suka riƙa zuwa daga ƙasar da iyayensu ba su taɓa jin sunanta ba. Yaƙi da Jahilci ya ƙara yawan masu iya rubutu, sashen Hausa na BBC ya buɗe a 1957, na Jamus da na Amurka suka biyo baya, sai ga manomi a Sheme ko 'Yankara yana aika tambaya Landan yana jiran a ambaci sunansa da na garinsu. Ta gidan waya ake aiko kuɗin makaranta da fasal oda, ta nan sakamakon jarrabawa ke zuwa, ta nan takardar kiran aiki, ta nan kuma labarin rasuwa. A 1973 aka bar fam da sule aka koma naira da kwabo, sai lissafin jikin kan sarki ya canza. A 1974 aka yi bikin cikarsa shekara 100 a ƙasar nan da wani jeri na musamman. Masu tarawa na ƙasashen waje sukan zuba dukiya mai yawa a kan na fam 25 da aka buga wa Arewa a 1904 saboda ƙarancinsa, amma ni ban taɓa jin kwaɗayinsa ba, domin ba a yi shi don wasiƙar kowa ba.

Wannan ne ya kawo ni ga abin da na fi so masu wannan sha'awa su ji, musamman matasa. Al'adar da aka koya mana ita ce a yanke kusurwar ambulan, a jiƙa a ruwa har kan sarkin ya saki, a shanya, a danne cikin littafi. Wannan ya dace da wanda hoto kawai yake nema. Wanda tarihi yake nema kuwa, ya bar ambulan ɗungum yadda take. A fuskarta akwai tambarin garin da aka jefa ta da kwanan wata, a bayan mai rajista akwai tambarin kowane gidan waya da ta kwana, ga kuma rubutun hannu na wanda ya ƙara "a ba direban Ƙanƙara" ko "ya tashi, a bi shi Gusau". Malaman hadisi ba sa karɓar matani sai da isnadi, wane daga wane daga wane, kuma waɗannan tambura su ne isnadin wasiƙa. Wanda ya ɓamɓare kan sarki ya yar da ambulan ya riƙe ado ya zubar da hujja. Can ne kaɗai, a cikin waɗannan 'yan rubuce-rubuce na gefe, mutanen da ba a zana ba suka bar sawunsu. Abokan gabar wannan aiki kuwa sanannu ne, gara da kyankyaso da laimar damina, sai kuma magadan da ke share ɗakin mamaci su ƙone "tarkacen takardu" tun ba a yi sadakar bakwai ba.

Yadda abin ya ja baya kowa ya gani. A 1985 aka raba tsohuwar ma'aikatar gidan waya da tangaraho gida biyu, NIPOST da NITEL. A 2001 wayar salula ta shigo, cikin 'yan shekaru ta isa hannun mai kiwo da mai faskare. Ba zan ce wannan hasara ce ba, domin na ga uwa ta ji muryar ɗanta daga Makka a ranar da ya sauka, na ga an kira mota an kai mai naƙuda asibiti cikin dare, kuma tsohuwar nan tamu da ta ga wannan zamani da ba ta buƙaci ɗan boko ya shiga tsakaninta da ɗanta ba. Abin da na ce mun rasa shi ne abin da ke wanzuwa. Maganar waya iska ce, saƙon da ke cikinta kuwa yana tafiya tare da ita ranar da ta faɗa rijiya ko aka sace ta, har ina tsoron jikokinmu za su fi sanin yadda kakannin kakanninsu suka yi tunani a 1950 fiye da yadda mu muka yi a 2010.

Sa'an nan sai ga jarrabawar da Allah ya kawo wa yankinmu. Bayan ɗaukar ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara a daren 11 ga Disamba 2020, da abin da ya biyo baya na hare-hare a ƙauyuka, a watan Satumba 2021 hukuma ta rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, ciki har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa da ita kanta Funtuwa, aka yi wajen wata uku a haka. A wannan lokaci mutane suka koma ga takarda da alƙalami, ba don sha'awa ba, don larura. Aka riƙa yage fallen littafin yara a rubuta, a ninke, a kai tasha a ba direban Katsina ko na Kano ko na Zariya, a haɗa shi da Allah. Shi kuma in ya isa inda waya ke aiki ya kira lambar da aka rubuta a baya, ko ya ajiye wa shugaban tasha. Ba kan sarki, ba tambari, ba hukumar da ta ɗauki alkawari, sai dai mutumin nan na ƙarshen hanya wanda dama shi ne ke ɗauke da nauyin tun farko, a kan hanyar da a lokacin bin ta kansa sai da addu'a.

Na fara neman waɗannan takardu a wurin masu su, wanda ya yarda ya ba ni, wanda abin da ke ciki sirri ne in roƙe shi ya adana da kansa. Yawancinsu ba kwanan wata, saboda haka nakan zauna da mai ita mu yi lissafi da ranar kasuwa ko da wata rasuwa da aka yi, in rubuta da fensir a wata takarda dabam ranar da aka aika, da tashar da aka bayar, da garin da ta sauka, da hannu nawa ta bi. Na ware musu shafuka a bayan jerin 1961, kuma niyyata, in Allah ya ba da iko, in kai kwafinsu Gidan Arewa da ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa da ke Kaduna, tare da ambulan ɗin Sudan da sauran waɗanda iyalan masu su suka ba da izini.